Tsananta Hukunci Don Kare Yara: Abin da Ya Ci wa Baitulmalin Kalifoniya

Babu mai musun cewa wanda ya cuci yaro ya cancanci hukunci mai tsanani. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wa zai biya kuɗin wannan tsanani, kuma a kan wa zai faɗa? Tarihin Jihar Kalifoniya ta Amurka ya ba mu amsa.

A watan Oktoba na 1993 wani tsohon fursuna da aka saka kafin cikar wa'adinsa ya sace wata yarinya 'yar shekara 12 daga gidansu a garin Petaluma, ya kashe ta. Hankalin jama'a ya tashi ƙwarai. A watan Maris na 1994 Gwamna Pete Wilson ya sa hannu kan dokar "laifi uku", wadda ta ce duk mai manyan laifuffuka biyu a baya, in ya sake aikata na uku, ɗaurinsa daga shekara 25 ne zuwa rai da rai. A Nuwamba masu zaɓe suka tabbatar da ita da kimanin kashi 72 cikin ɗari.

To, amma dokar da aka yi cikin fushi domin masu cutar yara, tarunta ya kama har da ƙananan ɓarayi. Wani da ya saci kaset-kaset na bidiyo ya sha ɗaurin shekara 50, Kotun Ƙoli kuma ta amince da hukuncin a 2003.

Gidajen yarin jihar, waɗanda 12 ne kafin 1984, sun kai 33 a 2005. Duk da haka a 2006 fursunoni sun haura 170,000, wato wajen ninki biyu na abin da aka gina gidajen dominsa. A 2010 Mai Binciken Kuɗin Jihar ya ƙiyasta cewa ƙarin shekarun da dokar ta ɗora za su ci kimanin dala biliyan 19. Dalili kuwa a fili yake: fursuna yakan tsufa a kurkuku, maganinsa kuma yana wuyan gwamnati. A 2011 Kotun Ƙoli ta tilasta wa jihar rage cunkoso, a 2012 masu zaɓe da kansu suka sassauta dokar.

Mu ma abin ya shafe mu. A 2020 Jihar Kaduna ta zartar da hukuncin dandaƙa da kisa ga mai yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe. Sai dai akasarin mazauna gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi. Saboda haka ma'aikacin da ke tsara kasafi ya tuna cewa aljihu ɗaya ne ke ciyar da fursuna, shi ne kuma ke biyan mai bincike da likita da alƙali, waɗanda in babu su, hukuncin ba zai wuce takarda ba.