Daga "Fläta" Zuwa Kitso: Tarihin da ke Cikin Kalma

A harshen mutanen Suwidin akwai kalmar "fläta", wadda ke zuwa a matsayin suna da kuma aikatau. Tushenta ɗaya da "flechten" ta Jamusanci da "plectere" ta Latin, ma'anarta kuwa sarƙa wani abu mai tsawo cikin ɗan'uwansa. Da ita suke kiran kitson mace, da ita suke saƙa kwando, hatta burodin da aka sarƙa ƙullinsa uku-uku "fläta" ne a wurinsu.

Bahaushe bai yarda da wannan haɗin gambiza ba. Igiya tufka ta ake yi, tabarma saƙa ta, gashin kai kuwa kitso. Kowace kalma da sana'arta da masu ita.

Abin lura a nan shi ne sunayen kitso na ɗauke da tarihin cuɗanyar jama'a, kuma Bauchi kyakkyawan misali ce. Tun da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin a 1809, ya zama matattarar Gerawa da Fulani da Hausawa da sauran ƙabilu. Tsohon kitson matan Hausawa shi ne doka, wato gashin da ake tayarwa bisa curin tsumma a tsakiyar kai. Shuku kuwa baƙo ne, daga "ṣùkú" ta Yarbanci, kamar yadda sunan kalaba ke nuni zuwa birnin Kalaba. Zuwan jirgin ƙasa Bauchi a 1961, da zamanta babban birnin jiha a 1976, sun ƙara buɗe ƙofa ga irin wannan aro daga kudu. A yau gashin kanti ya cika kasuwar Wunti, kuma da wuya a sami budurwar da za ta iya siffanta doka, balle ta kitsa ta. Ɗalibanmu masu neman batun nazari ya kamata su hanzarta zuwa wurin tsofaffin makitsa.

Inda harsunan biyu suka sake rabuwa shi ne wajen azanci. Ɗan Suwidin kan ce marubuci ya "fläta" labarai biyu wuri guda, ba tare da zargi ba. Bahaushe kuwa in ya ce an kitsa magana, galibi ƙarya ko makirci yake nufi. A ganina dalilin na ga zaman kitson kansa: mata biyu, kai da kai, awa biyu ko uku, ga hira da raɗa ba mai ji. Daga wannan zama ne kuma aka samo gargaɗin nan na kada a yi kitso da ƙwarƙwata, wanda 'yan siyasa da masu sasanta rikici ke yawan amfani da shi.