Lady and the Tramp: Tarihin fim ɗin soyayyar karnuka biyu

A watan Yunin 1955 ne kamfanin Walt Disney na Amurka ya fito da Lady and the Tramp, fim ɗinsa na 15 cikin dogayen finafinan zane mai motsi.

Shi dai labarin ya fara ne a daren Kirsimeti na 1909 a wani ƙaramin gari a Amurka, inda wani magidanci ya bai wa matarsa kyautar 'yar kwikwiya a cikin kwalin hula. Suka sa mata suna Lady.

Lady ta tashi cikin gata, da lambar lasisi a wuyanta. Shi kuwa Tramp karen titi ne da ba shi da uban gida, kullum cikin wasan ɓuya yake da masu kamen karnuka na hukuma.

Rayuwar Lady ta sauya bayan da uwar gidanta ta haihu. Da ma'auratan suka yi tafiya, gwaggon da aka bar wa jaririn ta sa wa Lady takunkumi, ta gudu, Tramp ya cece ta. A ƙarshe shi ne ya kashe ɓeran da ya shiga ɗakin jaririn, amma aka zarge shi da kai wa yaron hari aka miƙa shi ga masu kame, kafin gaskiya ta bayyana.

Wurin da ya fi shahara a fim ɗin shi ne inda karnukan biyu ke cin taliya a bayan wani gidan abinci na Italiyawa, har silin taliya guda ya haɗa bakunansu. Walt Disney ya so a cire wurin, domin a ganinsa karnuka masu cin taliya ba abin sha'awa ba ne. Mai zane Frank Thomas ne ya zana shi yadda ya gamsar da maigidan.

Wannan ne dogon fim ɗin zane na farko da aka yi da fasahar faffaɗan majigi ta CinemaScope. Da yake a lokacin ba duk gidajen silima ke da kayan nuna shi ba, sai da aka shirya shi kashi biyu.

Batun haƙƙi

Asalin labarin na Joe Grant ne, ma'aikacin Disney da ya zana karyarsa mai suna Lady a 1937. Daga baya Walt Disney ya karanta wani gajeren labari na Ward Greene da mujallar Cosmopolitan ta buga a 1945, ya haɗa su. Grant ya bar kamfanin a 1949, kuma da fim ɗin ya fito ba a sa sunansa ba.

Ita kuwa mawaƙiya Peggy Lee ba ta yi shiru ba. Ita ce ta yi muryoyin halittu huɗu a fim ɗin, ta kuma rubuta waƙoƙinsa tare da Sonny Burke. Da aka fara sayar da fim ɗin a kaset ɗin bidiyo a 1987, ta kai ƙara a 1988, tana mai cewa yarjejeniyarta ba ta bai wa kamfanin wannan dama ba. A 1991 aka yanke mata diyyar dala miliyan 2.3.

An kuma daɗe ana sukar yadda aka zana kyanwoyin gwaggon nan biyu, 'yan asalin Siyam, da karkatattun idanu da gurɓataccen Turanci, abin da ake gani a matsayin izgili ga mutanen Asiya. Sukar tana da tushe: da kamfanin ya sake yin fim ɗin da karnuka na gaske a 2019, ya sauya kyanwoyin da waƙarsu baki ɗaya.

A 2023 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya fim ɗin na 1955 cikin jerin finafinan da ake adanawa a matsayin kayan tarihin ƙasa.