Masu Hoto da Hasken Gidan Rawa

Hoto ba ya kamuwa sai da haske, gidan rawa kuwa ba ya armashi sai da duhu-duhu. Wannan matsala ta daɗe tana damun masu hoto.

A cikin 1887 waɗansu Jamusawa biyu suka haɗa wani gari wanda ya kan yi walƙiya in an kunna shi, amma hayaƙinsa ya kan cika ɗaki. Wajen 1930 aka fito da ƙwan fitila mai haskawa sau ɗaya ya mutu. Daga baya aka sami fitilar walƙiya ta lantarki, wadda a ke ta maimaitawa. Duk da haka aibinta bai gushe ba. In an haska mutum da ita daga gaba, sai fuskarsa ta yi ƙyalli, bayansa ya yi baƙi ƙirin, ta kuma kashe wa makaɗi ido yana cikin aikinsa.

Wani mai hoto a birnin New York na Amurka, Herman Leonard, ya sami dabara. Ya kan kafa fitilunsa a gefe da bayan makaɗa, watau ya kwaikwayi hasken dandali. Haka ya ɗauki mabushi Dexter Gordon a 1948, hayaƙin taba yana murɗawa a kansa, dare kuwa yana nan da duhunsa.

A Bamako, bayan ƙasar Mali ta sami mulkin kai a 1960, Malick Sidibé ya bi wata hanya dabam. Samari da 'yan mata su ya ke ɗauka, su kuwa so su ke yi a gan su. Ya kan hau keke ya zaga wuraren rawa da dama a dare guda. In ya shiga sai ya saki walƙiya, kowa ya san mai hoto ya iso. Kafin gari ya waye ya wanke hotunan, sa'an nan masu rawa su zo shagonsa su zaɓa. Hotonsa na 1963 ya yi suna ƙwarai: saurayi da budurwa suna rawa, goshi kusa da goshi, ita ko takalmi ba ta sa ba. A Yamai ma Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki a zamanin nan.

Yau kyamara tana iya gani cikin ƙaramin haske. A manyan wasanni sau da yawa a kan hana walƙiya, a bar masu hoto su ɗauki waƙoƙi uku na farko kaɗai da hasken dandali. To, wannan ya kyauta wa makaɗi. Amma masu rawar Bamako ba fitilar da ke kansu, don ba a dandali su ke ba. Da Sidibé bai haska su ba, da yanzu sai dai mu ji labarinsu. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji.