SIKELIN DA KE AUNA ABIN DA IDO BA YA GANI

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga unguwar Kusugu a cikin garin Daura. Mai sauraronmu, wanda ya ce sana'arsa fataucin wake da gyaɗa ce, yana cewa: wai shin da me Turawa ke gane akwai guba a cikin hatsin da ido ke gani fes, kuma wa ya ƙago abin?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Amsar ita ce sikeli, amma ba irin na 'yan awo ba. Turawa na kiran sa mas sifektiromita, mu kuwa sai mu ce sikelin ƙwayar zarra. Ka dai san shiƙa: in an ɗaga ƙwarya, iska kan kwashi ƙaiƙayi ta kai shi nesa, tsaba ta zubo kusa. Kusan haka na'urar take aiki. Ana ɗora wa ƙwayoyin abu cajin lantarki, a harba su cikin bututun da aka zuƙe wa iska, sai mayen ƙarfe ya karkatar da su. Mara nauyi ya karkata da yawa, mai nauyi kuwa kaɗan. Daga inda kowanne ya sauka ake sanin nauyinsa, daga nauyin kuma a gane ko mene ne.

Asalin abin daga Ingila ne. A 1913 wani masani, J. J. Thomson na Jami'ar Kambirij, ya nuna cewa iskar da ake kira niyon iri biyu ce, mai nauyin 20 da mai nauyin 22. Almajirinsa Francis Aston ya ƙera cikakkiyar na'urar a 1919, aka ba shi kyautar Nobel a 1922.

Amma fa shekaru da dama sikelin ya kasa auna furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin jini da nama da wake. Kafin a auna abu sai an mai da shi kamar tururi, shi kuwa furotin ƙato ne a cikin ƙwayoyi, kuma da ya ji zafi sai ya lalace, kamar ƙwai a tukunya.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne John Fenn, malami a Jami'ar Yale ta Amurka. Maimakon wuta, sai ya narka furotin a ruwa, ya fesa shi ta bakin siririyar allura mai ɗauke da lantarki, tamkar feshin maganin ƙwari a gona. Ɗigon ruwan ya bushe a iska, ya bar furotin lafiya lau, sikeli ya auna shi. Ya bayyana wannan a 1989, yana da shekara 72. A 2002 ya sami kyautar Nobel tare da Koichi Tanaka na Japan da Kurt Wüthrich na Suwizalan. Ya rasu a 2010.

To ina ruwan manomi da wannan? Da ruwansa mana. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar Barazil. Bincike ya gano wata guba mai suna afalatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe ba, kuma tana jawo ciwon dajin hanta. In mutum ya ci, gubar kan maƙale wa wani furotin na jininsa mai suna albumin. Da dabarar Fenn, masu bincike kan ɗibi jini kaɗan su gane yawan gubar da mutum ya ci a watanni biyu zuwa uku da suka wuce.

Ta fuskar kasuwa kuwa, a watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya, saboda an sami maganin ƙwari irin na fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima. Abin da dokarsu ta yarda da shi bai wuce miligiram 0.01 a kilo guda ba. Wannan ko hanci ba ya jin sa, amma sikelin na kama shi. Laifin wasu 'yan kaɗan ya shafi kowa, wake ɗaya ya ɓata gari.

Saboda haka jama'a, a shanya gyaɗa bisa tabarma ko tamfol har ta bushe ƙayau, a tsince ruɓaɓɓiya, kada a ba yara ko kaji. Wake kuwa a adana shi a buhun PICS mai ninki uku, ko a durom mai murfi gam, inda rashin iska ke kashe ƙwaro ba sai da magani ba. Abin da Bature ya mayar mana saboda guba, ai 'ya'yanmu ne za su ci shi.