Tarihin Bawul ɗin Zuciya: Tsakanin na Ƙarfe da na Tsoka

Gabatarwa

Zuciyar ɗan Adam tana da ƙofofi huɗu waɗanda likitoci ke kira bawul. Aikinsu shi ne su buɗe jini ya wuce, su rufe kada ya komo baya. Biyu daga cikinsu, wato maitiral da ayotik, suna ɓangaren hagu inda bugun jini ya fi ƙarfi, kuma su suka fi saurin lalacewa. Idan suka lalace tare har gyara ya gagara, akan sauya su a tiyata guda. A nan ne likita da majinyaci ke fuskantar zaɓi: a sa na ƙarfe ko na tsokar dabba? Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda zaɓin ya samo asali.

Bawul na ƙarfe

A shekarar 1952 Charles Hufnagel ya sa wa wata majinyaciya bawul na roba a birnin Washington. Ya sa shi ne a babbar jijiya, nesa da zuciya, domin a lokacin babu halin tsayar da zuciya a yi aiki a cikinta. Wannan hali ya samu a 1953, lokacin da John Gibbon ya yi nasarar amfani da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu yayin tiyata. A 1960 likita Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka fito da bawul mai ƙwallon roba a cikin ɗan keji, aka sa shi a gurbin maitiral a Portland ta Amurka. Daga baya aka samu mai faifai guda na Björk-Shiley a 1969, sai mai ganye biyu kamar ƙyaure na St. Jude a 1977. Irin wannan na ƙarshe ne ya fi yaɗuwa a yau, kuma da sinadarin kabon ake yin ganyensa, ko da yake sunan "na ƙarfe" ya bi shi.

Irin wannan bawul ba ya cinyewa, amma jini yana daskarewa a jikinsa. Gudan jini kuwa yana iya toshe bawul ɗin, ko ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka dole mai shi ya riƙa shan wafarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwarsa. Wafarin ya fara fitowa ne a 1948 a matsayin maganin ɓera, kafin a amince mutane su sha shi a 1954. Idan ya yi yawa a jiki jini ya ɓalle, idan ya yi kaɗan jini ya daskare, don haka sai da gwajin jini a kai a kai.

Bawul na tsoka

Neman kauce wa wafarin ne ya mai da hankalin masana kan tsoka. A 1962 Donald Ross a Landan ya dasa bawul da aka ciro daga gawar mutum. Da yake irin wannan ba ya wadatarwa, a 1965 aka gwada na alade a Paris. Na farkon ba su jima ba suka lalace, har sai da Alain Carpentier ya gano a ƙarshen shekarun 1960 cewa jiƙa tsokar a sinadarin gulutaraldihaid yana ƙarfafa ta. A 1971 Marian Ionescu a Leeds ta Ingila ya ɗinka bawul daga tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya. Matsalar na tsoka ita ce tsufa. Yakan yi shekara 10 zuwa 20 sannan ya ƙandare ko ya yage, kuma ya fi saurin lalacewa a jikin matashi da kuma a gurbin maitiral.

Da aka auna su

Tsakanin 1975 da 1979 likitoci a Edinburgh sun raba majinyata sama da 500 ta hanyar ƙuri'a, wasu na ƙarfe wasu na alade, ciki har da waɗanda aka sauya wa bawul biyu. Bayan shekara 20 ba a ga wani bambanci mai yawa a yawan waɗanda suka rayu ba. Masu na ƙarfe sun fi zubar jini, masu na alade kuma sun fi komawa tiyata. Daga irin wannan bincike ne aka gina ƙa'idar shekaru. Ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2021 ta karkata ga na ƙarfe ga wanda bai kai 60 ba a ayotik, ko 65 a maitiral, na tsoka kuma ga wanda ya haura 65 a ayotik, ko 70 a maitiral. A sauyin bawul biyu akan sa iri ɗaya, domin na ƙarfe guda ya isa ya wajabta wafarin, na tsoka guda kuma ya isa ya jawo wata tiyata.

Inda ƙa'idar ta gaza

An gina wannan ƙa'ida ne a ƙasashen da yawancin majinyata tsofaffi ne. A Afirka kuwa babban abin da ke lalata bawul biyu shi ne zazzaɓin gaɓoɓi da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba a yarinta, don haka majinyatan matasa ne. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartoum a 2007 ta yi wa ɗimbin irin waɗannan matasa tiyata kyauta, daga Sudan da maƙwabtanta. Ga budurwa 'yar shekara 20 lamarin gaba kura ne baya sayaki. Wafarin yana iya cutar da ɗan tayi, musamman a farkon ciki, kuma wurin gwajin jini yana iya yi mata nisa. Idan ta zaɓi na tsoka kuma, tana iya buƙatar tiyata ta biyu kafin ta kai 35, a inda ta farko ma da ƙyar ta samu.

Kammalawa

Fiye da shekara 60 bayan aikin Starr da Ross, ba a samu bawul da ya haɗa ƙarko da rashin buƙatar wafarin ba. Don haka ake duba shekarun majinyaci, da burin haihuwa, da nisan asibiti, kafin a yanke shawara tare da shi. Allurar fenisilin da ake yi wa yaro a kan lokaci kuwa tana iya hana shi kaiwa ga wannan zaɓi tun farko.