Daga randa zuwa kilim: wace lamba ta dace da bazarar Damargu?



Bazara ta kama, gardamar da aka saba kuma ta dawo a birori da shaguna: a kan wace lamba za a aje kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki? Wani ya ce shi sai 16, wani ya ce 25 ta isa, wani kuma ya ce a kashe ma, mura take sa mishi. Galibinmu ba mu da wannan na'ura a gida, amma kar mu ce babu ruwanmu. Wutar da take sha, waya ɗaya ta biyo da wadda ke juya bantilatan talaka da firjin allurai na asibiti. Shi ya sa yau za mu ɗan waiwayi tarihi.

Zafi ba baƙo ba ne a Damargu. Lokacin da Turawa ke kuka da zafi, Yuli da Agusta, mu nan damina ce. Namu tashin hankalin daga Maris ne zuwa faɗuwar ruwa, inda ma'auni ke wuce digiri 40 kusan kullum a Afrilu da Mayu. Kakanninmu kuwa ba su yi jayayya da rana ba, kauce mata suka yi. Ayarin Abzinawa da ke kawo gishirin Bilma ya koma da hatsinmu, da sanyi yake tafiya. Da irin wannan ayarin ne Heinrich Barth da abokansa biyu, Richardson da Overweg, suka sauko Damargu a watan Janairu na 1851, a Tagelel kuma Richardson ya rabu da sauran biyun, ya kama hanyarsa. In kuma tafiya ta kama dole da bazara, sai a yi sammako ko a bi dare, rana in ta take a sauke kaya.

Haka gida ma. Shigifa mai kaurin bango tana shanye zafin yini, ba ta sako shi sai dare, lokacin kuma kowa ya riga ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Ɗakin kara da runfa suna barin iska ta ratsa. A gona akwai gawo, itacen da ke kakkaɓe ganye da damina, ya fito da sabo da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa. Ruwa kuwa yana cikin randa ko salka: kaɗan ya tsattsafo ta jikin tukunya, busasshiyar iska ta kwashe shi, ta tafi da zafin. Wannan hikimar ce wani malami na jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya faɗaɗa da tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekara ta 2000. Ita ce kuma ke aiki cikin na'urar nan mai zuba ruwa da muke kira imidifikater, wadda ba ta cin wuta kamar kilim.

Ko Faransawa da suka zauna Damagaram, babban birnin mulkinsu har 1926, da bango mai kauri da baranda suka kare kansu. Abin ya canza ne da shigowar kwano da siminti. Gaskiya sun hutar da mu yaɓen kowace shekara da fargabar rufi ya rufto da damina, amma ɗakin kwano da tsakar rana tanda ne. Mun gina gidajen da ba sa zaunuwa sai da wuta, sannan muka shiga neman wutar.

Ita kanta kilim ɗin, ba don mutum aka fara yin ta ba. A 1902 wani injiniya ɗan Amurka, Willis Carrier, ya ƙera ta don wata maɗaba'a a Brooklyn, inda raɓar iska ke lalata takarda. Daga baya ta shiga gidajen silima, ofisoshi da ɗakunan kwana. Da ta yawaita, sai ƙasashen da suka fi mu wuta nesa ba kusa ba suka fara sa mata linzami. A 1979, da matsalar man fetur ta matsa, shugaba Jimmy Carter ya hana sanyaya gine-ginen jama'a ƙasa da kusan digiri 26. Japan ta zaɓi 28 ga ma'aikatunta tun 2005, ta ce ma'aikata su aje kwat da nakatai. Indiya ta wajabta wa kamfanoni su fito da sabbin na'urori a saite kan 24 daga Janairu na 2020, hukumar makamashinta kuma ta ce kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage cin wuta da kusan kashi 6 cikin 100. Sifaniya a Agusta na 2022 ta tsayar da 27 ga shaguna da ofisoshi.

To mu fa? NIGELEC an kafa ta a 1968, kuma tun 1976 ƙasarmu ke sayen wuta daga Nijeriya. Ta Maradi da Damagaram tana shigowa ne ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya tuna Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi daga can yake zuwa. Ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamba na 2011 tana cikin ƙasar Tanut, amma gazuwal ɗin da gurup ke sha ba kyauta ba ne. Wanda ke cin tuwon aro ai ba ya cika loma.

Ga abin da da yawa ba su lura da shi ba. Lambar da ke jikin telekomand ba totur ba ce kamar na babur. Wurin tsayawa ce. In ka sa 25, injin zai yi aiki har ɗaki ya kai 25, ya huta. In ka sa 16 a ɗakin kwano, waje yana 44, ba zai taɓa kaiwa ba, sai ya yi ta gudu babu numfashi: faktir ta yi nauyi, injin ya gaji, taransifoman unguwa ya ɗauki zafi. In wuta ta ɗauke, mai gurup zai tada nashi. Wanda za a bari cikin tanda shi ne tsoho, mai jego da jinjiri. Ba wasa ba ne: a farkon Afrilu na 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48,5, asibitocin Bamako kuma suka ga mace-mace fiye da yadda aka saba, galibi dattawa.

Shawararmu ga masu kilim, musamman shugabannin ma'aikatu da masu manyan shaguna: a aje ta tsakanin 25 da 27, a haɗa da bantilata, a rufe ƙofa da taga, a wanke matatar ƙura a kai a kai, a kashe in an tashi aiki. Mai sabon gini kuma ya tuna da silin, da baranda, da itace a gefen yamma, kafin ya tuna da na'ura. Sauranmu, randa ta cika, a leƙa tsofaffin unguwa da azahar, kar a bar yara cikin ɗakin kwano a rufe.

Ku faɗa muna, a biro ko shagon da kuke, lamba nawa ake sawa, kuma wa ke riƙe da telekomand ɗin? Allah ya kawo muna damina mai albarka.