Daga Fensir zuwa Kwamfuta: Gyaran Hoto da Shaidar Tarihi a Yammacin Kano



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, watau gyaran hoto, amma mai nazarin tarihi ba shi da damar raina shi. Wanda duk ya bi hanyar da ta fita Kano ta yamma, ya wuce Rimin Gado ya shiga ƙasar Kabo da Gwarzo, in ya sami iznin shiga gidaje, zai tarar da hoton wani dattijo ko wata tsohuwa rataye a bango, ya yi ja don daɗewa. Takardun Turawan mulki da ke ajiye a gidan adana kayan tarihi na Kaduna sun fi ba da labarin haraji da hakimai. Talaka kuwa, sau da yawa wannan hoto shi kaɗai ne shaidar kamanninsa, da suturarsa, da tsagar da ke fuskarsa. Saboda haka tilas mu tambaya, hannun wa ya taɓa shi, kuma me ya sāke?

Da farko dai, kada wani ya zaci kwamfuta ce ta kawo gyaran hoto. An bayyana dabarar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa cikin 1839. Shekara 16 kacal bayan haka, a bikin baje kolin Paris na 1855, wani Bajamushe mai suna Franz Hanfstaengl ya nuna hoton mutum guda iri biyu, ɗaya yadda kyamara ta ɗauko shi, ɗaya bayan an yi masa gyara. Masu mulki ma ba su yi jinkirin gane amfanin abin ba. A Rasha, bayan an kashe Nikolai Yezhov a 1940, an share shi daga hoton da yake tsaye kusa da Stalin, aka mai da wurinsa ruwa.

A Nijeriya sana'ar ta faro ne daga bakin teku, a hannun mutane irin su George da Costa na Ikko da Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rasu a 1905. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ta biyo dogo ta sauka a Sabon Gari, kuma an daɗe yawancin masu yin ta 'yan Kudu ne. Daga birni take fita ƙauyuka, ranar kasuwa ko ranar Salla, ko kuma lokacin da maniyyaci ko ɗan makaranta ya bukaci hoton fasfo.

To, yaya mai hoton wancan zamani yake gyara? Yana da abin da ake kira nagatif, watau uwar hoto, wadda fari ke fitowa baƙi a jikinta, baƙi kuma fari. Sai ya fiƙe fensir ya yi tsini kamar allura, ya bi ƙuraje da tamojin fuska yana cikewa. In ya shiga ɗakin duhu zai wanke hoto, sai ya kare wani sashe da tafin hannu ko guntun kwali don kada ya yi duhu da yawa, ya bar haske ya daɗe a kan wani sashe don farar riga ta fito da aikinta. Ya datse gefe, ya fid da wanda ba a so. Wasu har launi suke shafawa da burushi, kamar yadda Solomon Alonge, mai hoton fadar Benin, ya shahara da yi. Ba kuma kullum ƙawa ce dalili ba. A Ila-Orangun ta ƙasar Yarbawa, cikin shekarun 1970, in ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu, akan buga hoton mai ran sau biyu a takarda guda, ya tsaya wa ɗan'uwansa.

Akwai wani abu da ya kamata in ambata a nan. Kamfanonin fim na Turai da Amurka sun daidaita kayansu bisa farar fata, don haka baƙar fuska cikin farin rawani takan fito dunɗum in ba a taimake ta da haske ba. A ganina a nan ne haskaka fuska ta samo uzurinta, kafin ta zama abin yayi, har amarya ta ƙi karɓar hoto in ya nuna ainihin launinta.

A 1990 kamfanin Adobe ya fitar da manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira. Abin lura shi ne ba ta zo da sabon aiki ba. Datse gefe, da ƙara haske ko duhu a sashe guda, da ɗauko lafiyayyar fata a rufe tabo, duk ayyukan ɗakin duhu ne aka mayar cikin allo, har wasu kayan aikinta suna ɗauke da tsofaffin sunayensu. Masu fastocin finafinan Hausa da na 'yan siyasa su suka fi rungumar ta a Kano. Bayan zuwan wayar salula a 2001, da wayoyi masu kyamara daga bisani, sai aikin ya kuɓuce wa masu sana'a ya faɗa hannun kowa.

Abin da ya ɓata a wannan sauyi shi ne uwar hoto. Da, kome iya fensirin mai hoto, in ka ɗaga nagatif ka duba a rana za ka ga sawunsa. Yanzu kuwa jika yakan ɗauki hoton kakansa ya kai shagon kwamfuta, a ɗauke shi, a goge, a sa launi, a cire katangar ƙasa da ke bayansa a sa labule ko hoton Ka'aba. Manhajojin da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira sun ma fi haɗari, domin inda hoto ya dushe ba sa barin gurbi, sai su ƙago ido da haƙori daga fuskokin da aka horar da su a kai. Bille ko zube da ke kuncin dattijo, wanda zai gaya wa mai bincike asalinsa, sai manhaja ta ɗauke shi tabo ne ta shafe. Na taɓa ganin irin wannan a wani gida, an rataye sabon a falo, da na nemi tsohon aka ce yara sun yi wasa da shi.

Shawarata ga ɗalibanmu masu fita bincike a Getso, ko Garo, ko cikin garin Gwarzo, ita ce su nemi na asali kafin su yarda da na bango. In sun same shi, su juya bayansa. A nan akan tarar da hatimin shagon da ya ɗauka, wani lokaci da shekara, ko sunan mai hoton an rubuta da ajami, kuma mai shagon kwamfuta gaban kawai yake ɗauka.